Ranar da Na Ƙi Kai Ƙauri Ladywood

Matata nas ce a sashen mata na wani asibiti a Manchester. Ni kuwa direba ne, ina kai wa mutane kayan da suka saya ta waya har ƙofar gida. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma ko shi ɗin da ƙyar muka rabu lafiya. Ita aka ɗauko daga Kano saboda takardunta, ni aka haɗo ni da ita kamar yadda ake haɗa caja da sabuwar waya. Sista nake ce mata idan ina neman wani abu. Ita kuma Yallaɓai take ce mini idan tana shirin kayar da ni.

A sashensu akan kwantar da matan da suka zo a zubar musu da ciki, domin dokar ƙasar nan ta yarda da hakan bisa wasu sharuɗɗa. Dokar kuma ta bai wa ma'aikacin lafiya dama ya ce zuciyarsa ba ta yarda ba, ba zai sa hannu ba, sai fa idan ran macen ne yake cikin haɗari. Tun zuwanta matata ta gaya wa shugabarsu cewa ita ba za ta yi ba. Aka ce haƙƙinta ne. Sai dai a sashen da ma'aikata ba su wadata ba, idan wata ta janye hannu dole wata ta miƙa nata.

Wadda take miƙawa wata nas ce haifaffiyar Birmingham, iyayenta mutanen Jamaika. Shekara da shekaru suna musaya: ita ta karɓi waɗannan marasa lafiyar, matata kuma ta karɓar mata aikin Kirsimeti da duk Lahadin da ake biki a cocinsu. Ba su taɓa zama sun yi gardama a kai ba.

Sai wannan baiwar Allah ta haihu, ta tafi jego wurin mahaifiyarta a unguwar Ladywood, can Birmingham. Aka fara raɗe-raɗin ba za ta dawo ba, a can za ta nemi aiki. Matata ta riƙa dawowa gida fuska a ɗaure. Shugabarsu ba ta ce mata komai ba, ta dai fara tambayarta ko ba ta sha'awar komawa sashen tsofaffi. Ita kuwa sashen mata ne ranta.

Wata Asabar ina da zaman wata-wata na mazan Hausawa a Small Heath, wata unguwa a Birmingham ɗin, gidan wani likita. Tun da safe ƙamshi ya cika gidanmu na Levenshulme. Matata ta sayo ƙafar saniya a wurin mahautan Stockport Road ta yi ƙauri, ta dama kunun kanwa ta cika fulas, ta zuba yajin jego a kwalba. Na san abin da take nufi. Ba za ta iya buɗe baki ta ce wa mai jego "ki dawo" ba. A wurinmu kular abinci ce take faɗin irin wannan magana.

Ta ce, "Tunda can za ka, ka biya ka miƙa mata."

A nan zan faɗi gaskiya a kaina. Ina da son a ce na yi magana a cikin mutane. A zaman da ya wuce na cika baki cewa gidana ba ya haɗa hanya da masu wannan aiki, har wani ya ce mini ma sha Allah. Ga shi Ladywood ba wurin ajiye mota. Ga shi matar likita tana yin waina, kuma wainar ba ta jiran wanda ya makara. Waɗannan duka suka taru a ƙirjina, na ji su kamar tsoron Allah.

Na ce, "Sista, zuciyata ba ta yarda ba."

"Da me?"

"Da kai abinci gidan wadda kin san aikinta. Ni ma ina da irin haƙƙin nan naku."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Kai da kullum kake ƙwanƙwasa ƙofar mutane da kwali a hannu, ka taɓa tambayar sana'ar wani?"

"Ai kin san na ƙi aikin rarraba giya."

"Ka ƙi, kuma na yaba maka. Amma wannan ƙafar saniya ce."

Na dage. Sai ta ce, "To madalla, Yallaɓai. Haƙƙinka ne, ba zan tilasta maka ba." Har na fara laluben makullin mota. "Amma tunda irin namu kake so, gaba ɗayansa za ka ɗauka. Mu idan mun ƙi, ba ma jefar da mara lafiya a hanya. Sai mun haɗa ta da wanda zai duba ta, ba tare da ɓata mata lokaci ba. Kuma ba ma yi mata wa'azi. Ka nemo wanda zai kai, ya isa da zafinsa."

"Idan ban samu kowa ba fa?"

"Idan abu ya zo lalacewa kuma kai kaɗai ne a wurin, sai ka naɗe hannun riga. Mu ma haka muke yi."

Ta ɗauki kular da kanta ta sa a but ɗin motata. Na ce mata ai ɗaukarta zuwa Birmingham ma sa hannu ne. Ta ce wannan gardamar lauyoyi ma suna yinta, in yi ta tunani a hanya.

Na isa Small Heath ana shimfiɗa ledar abinci. Maimakon in zauna in ci, sai na miƙe na ba da labari, na ƙara masa gishiri, na rufe da neman wanda zai taimaka ya kai kular. Ina jiran wani ma sha Allah ɗin.

Likita mai gidan, wanda GP ne, wato likitan unguwa, shi ya fara. "Malam direba, ni ma ba na sa hannu a takardar zubar da ciki. Idan mace ta zo da wannan buƙata sai in gaya mata gaskiya, in haɗa ta da abokin aikina na ɗakin kusa. Kuma duk Babbar Sallah cinya guda nake kai masa. Ba don shi ba da tuni na tattara na koma Zariya."

"To ka kai mini wannan ɗin mana, likita."

"Ni da baƙi a gidana?"

Akwai wani ɗalibi daga Katsina da yake digiri na uku a fannin shari'a. Shi abin nema ya samu. Ya gyara zama ya ce a majalisar dokoki ana ta kai ruwa rana a kan ko ya kamata a daina gurfanar da macen da ta zubar da cikinta. Ya ce wasu suna ganin barin ma'aikata su ƙi yana wahalar da mata, musamman inda asibiti ɗaya ne. Wasu kuma suna so a faɗaɗa haƙƙin har ya kai ga mai amsa waya da mai tsara aikin ma'aikata. Ya ce matsalata ta faɗo daidai tsakiyar abin da yake bincike, wato ina sa hannu yake farawa, ina yake ƙarewa. Na tambaye shi ko yana da mota. Ya ce keke gare shi.

Aka juya ga dattijon da yake mana limanci, akanta ne amma ya yi karatun zaure sosai. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun tsananta tun daga farkon ciki, wasu mazhabobin sun sassauta kafin a busa rai idan akwai uzuri, kuma idan ran uwa ne a kan layi to ita ake ceto. Sai ya shafa gemu ya ce, "Amma a iya ɗan abin da na karanta, ban ci karo da inda aka hana ciyar da mai jego ba. Ko kai ka gani?"

"Allah gafarta Malam, ko za ka kai?"

"A bas na zo, ga gwiwa."

Wani daga can ƙarshen tabarma ya ce a shigo da kular kawai a cinye, kowa ya huta. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin abin. Ina cikin tunanin waya ta yi ƙara, matata ce.

"Yallaɓai, an samu wanda zai karɓi mara lafiyar?"

"Ana kan shawara."

"To a yi a hankali, kunun kanwa ba ya son shawara."

Da na waiwaya, waina ta ƙare. Sun cinye ta suna muhawara a kan zuciyata. Bayan la'asar na fita na buɗe but na taɓa kular, ɗumin ya fara ja da baya. Na duba hagu na duba dama, ba kowa sai ni. Na naɗe hannun riga.

Na yi ta zagaye a Ladywood kafin in samu inda zan cusa motar. Niyyata in miƙa daga bakin ƙofa in juya. Wata tsohuwa mai farin gashi ta buɗe, ta shaƙi iska sau ɗaya ta ce, "Ƙafar saniya ce wannan." Ashe su ma suna dafa ta, da wake. Kafin in gama gaisuwa ta ja ni ciki ta zaunar, aka ɗora mini jaririya a hannu don uwarta ta samu ta ci.

Mai jego ta kurɓi kunun ta yatsina fuska, ta sake kurɓa. Sannan ta dube ni tana murmushi.

"Kai ne mijin da ba ya son aikina."

Na fara kame-kame da ɗan Turancina.

"Kada ka damu, matarka ta kira ni. Ta ce ko kai ka zo, ko wani baƙo da ka samo. Na ce mata ina fata kai ne."

Ta ci nama, ta ɗanɗana yajin har ta yi tari, tsohuwa tana dariya. Sai ta ce, "Ka san akwai ranar da wata daga cikin matan nan ta ɓalle da jini? Matarka ce ta riga kowa isa gadon, kuma ba ta ɗaga ba sai da aka tsayar da shi. Ba ta sa hannu a fara aikin, amma ban taɓa ganin ta gudu ba. Ni kuma ba don daɗi nake yi ba. Za su zo ko ina nan ko ba na nan, na fi so su tarar da wadda ba za ta harare su ba."

Ina da amsa, har da ayar da zan jawo. Ra'ayina a kan zubar da ciki bai canja ba a wannan kujerar, kuma har yau bai canja ba. Amma an ce ba wa'azi, ga kuma jaririya ta kama mini yatsa ta ƙi saki. Na haɗiye. A duk sharuɗɗan Sista wannan ne ya fi ba ni wuya.

Da bakin ya rasa abin yi, sai ya faɗi abin da ba a aike shi ba. Na ce, "Za ki dawo Manchester?"

Tsohuwa ta ce, "Ba za ta dawo ba."

Mai jego ta ce, "Mama." Ta juyo gare ni. "Ita ta ce ka tambaya?"

"A'a. Idan ta ji na tambaya ma, na shiga uku."

Ta daɗe tana kallon 'yarta a hannuna. Ta ce ba ta yanke ba tukuna. Da na tashi tafiya na miƙa hannu zan ɗauki kular, sai ta dafe murfin. "Bar ta. Ka ce mata ni zan kawo."

A gida matata ta leƙa bayana ta ce, "Ina kulata?" Na gaya mata. Ta shiga kicin, na ji tana 'yar waƙa. Da ta fito na ba ta labarin waina, ta ce Allah ya ƙara.

Watanni suka wuce, shugabarsu ta ci gaba da yabon sashen tsofaffi, matata ta ci gaba da yin kamar ba ta ji ba. Ran nan da yamma, sanyi ya fara shigowa, aka ƙwanƙwasa. Mai jego ce da 'yarta a keken jarirai, ga kularmu a rataye. Ta kama gidan haya a kusa da asibiti, tsohuwar ma ta biyo ta tana mita. Ba ta dawo da kular haka nan ba, ta cika ta da ƙafar saniya da wake irin nasu. Tun kafin in buɗe baki ta ce a Small Heath ta sayi naman, wurin masu yanka.

Kirsimetin shekarar matata tana wurin aiki kamar da, ni ina gida ina ƙona wa yara taliya. Amma a yammacin da kular ta dawo, faranti biyu na ci. Ina cikin na biyun matata ta zauna kusa da ni.

"Yallaɓai, zuciyar ta yarda?"

Na ce mata akwai sauran wake a kular, ta miƙo mini.