Ruwan Leda Ɗaya da Sunan Hamma Sa'idu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka tafi da yayana, Malam Sa'idu, wanda mu a gida muke ce wa Hamma. Na ce aka tafi da shi ne don ban san ranar da ya cika ba, ban ga gawarsa ba, ban san inda aka rufe shi ba. Abin da na sani shi ne, har gobe a unguwarmu ta Hammadu Kafi, nan Gombe, akwai masu nuna ƙofarmu da baki suna cewa nan ne gidan mai haɗa bam. Mutuwarsa na bar wa Allah. Wannan sunan kuwa ba zan yafe ba.

Hamma malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare. Da yake albashin malami ba ya kai wata, sai ya riƙa haɗa turare a shagon ƙofar gida. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, makiyayi ne da ya zauna gari ba da son ransa ba, kullum tsiya yake masa: a ce an sayar da bijimi an kai yaro jami'a, ya dawo yana ƙamshi kamar amarya. Hamma sai dai ya yi dariya ya ci gaba da ɗiga ruwa a kwalba.

Aikin nasa ba wani asiri a ciki, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha bayani ko bai tambaya ba. Man turare ba ya shiri da ruwa. Amma yana narkewa a sifirit, ruwan nan mai warin asibiti da ke saurin bin iska, shi kuma sifirit yana shiri da ruwa. To, in ka narkar da man a sifirit, kana iya ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, haɗin ya tsaya garau kamar ba komai. Sai dai akwai iyaka. Da ka ƙetare ta, kwalbar za ta yi fari fat kamar tsinkakken nono, in ka ajiye ta kuma man ya taso ya kwanta a sama. Iyakar ma ba guri ɗaya take tsayawa ba, haɗin da ya yi garau da zafi yana iya gurɓacewa da sanyi. Shi ya sa yakan sa kowane sabon haɗi a randa ya huce kafin ya yarda ya sayar.

A lokacin garin nan ba ya cikin hayyacinsa. Bam ya tashi a tasha, ya tashi a kasuwa, an kashe mutanen da muka sani da sunayensu. Kowace kwana da shinge, in ka zo a babur sai ka sauka ka tura. Ban raina tsoron kowa ba, ni ma na ji shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma gudu daban, kisa daban.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, Hamma ya taso daga unguwar Herwagana, gurin Oga Emeka mai sayar masa da sifirit da kwalabe, da jarka a cinyarsa da ragowar wani haɗi a gora. Ɗan acaɓar da ya ɗauko shi ne ya kawo mana labarin. Ya ce a shingen wajen Dawaki aka tsayar da su. Wani jami'i ya buɗe gorar ya shinshina, sai ya fasa ledar ruwan da yake sha ya tuttula a ciki, wai gwaji. Nan take abin ya koma fari. Suka ja da baya, suka ɗaga bindigogi.

Da wani ne, da ya durƙusa ya ce shi ɗan aike ne, bai san komai ba. Amma hali zanen dutse. Hamma malami ne, ya ga ɗalibi ya yi kuskure. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai ba ne, ruwan ne ya yi yawa. Miƙo jarkar nan in ƙara sifirit, yanzu zai washe." Jami'in ya juya ya ce wa 'yan uwansa, "Kun ji ko? Ya san haɗi." Suka jefa shi a mota.

Mun yi yawon da ƙafa take iya yi. Kowane ofis, amsa ɗaya: ba mu da mai wannan suna. Can bayan watanni wani da aka sako ya nemo gidanmu, ya ce sun zauna ɗaki ɗaya da wani malami mai tari, wata safiya aka fitar da shi a bargo. Iyakar ta'aziyyar da muka samu ke nan.

Amma in gaya muku gaskiya, haushin da nake ji na maƙwabta ya fi na masu bindiga. Waɗancan ba su san shi ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ku fa? Ku da kuka shafa turarensa kuka tafi masallacin Juma'a, ku da ya koya wa 'ya'yanku darasi kyauta ana gab da jarrabawa? Da muka nemi wanda zai bi mu ya ce ya san shi, kowa sai ya tuna yana da tafiya. An ce in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ba a ce ka ƙara wa nasa fetur ba. Ku kuka fara cewa da ma kun lura da kwalaben nan. Mata suka zubar da turarensa a kwata, suka daina shiga gurin matarsa, Adda Mairo. Mutum ɗaya ya bi mu, Oga Emeka. Ya tsaya gaban babban jami'i da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Oga, ni na sayar masa. Turare yake yi. In shi ɓarawo ne, ni ma ku kama." Suka kore shi, aka rufe masa shago na wani lokaci, bai taɓa yi mana gori ba.

Yau da Hamma zai leƙo Gombe, ban san dariya zai yi ko kuka ba. Ko'ina taron koyar da sana'a ne, ana tara matasa ana nuna masu haɗa turare da sabulun ruwa, ana ba su takardar shaida, manya na tafi, ana ɗaukar hoto. Jarkar da ta ci ransa ita ake rabawa kyauta. Na san kuma zai tsaya gaban masu tebur a kasuwa, waɗanda ke cika ruwa har mai ya taso, sai su girgiza kwalba kafin su miƙa wa mai saye, ya fara yi masu bayani har su gaji.

Ana ta ce mini in yi haƙuri, komai ya wuce. Haƙuri na yi, ai ban ɗauki sanda ba. Amma ba wanda ya taɓa fitowa ya ce an yi kuskure, mutumin nan ba shi da laifi. Kalma ɗaya muke nema, an hana mu.

Abin da ya bari ba shi da yawa: ɗalibai da wasunsu ke gaishe ni a ɓoye, da 'ya ɗaya, Nafisa, wadda take goye lokacin da aka tafi da shi. Kwanan baya ta dawo daga makaranta ta same ni a zaure. Ta ce, "Bappa, malaminmu ya ce gobe kowa zai tashi ya faɗi sana'ar babansa. Inna ta ce in ce ɗan kasuwa ne kawai, kar in ambaci haɗi." Na dubi yarinyar nan da aka koya wa jin kunyar mutumin da bai cuci kowa ba.

Na ce, "Ki ce malamin kimiyya ne, mai haɗa turare, sunansa Sa'idu. Ki ɗaga murya yadda na bayan aji za su ji, su kai wa iyayensu gida."