Tsiron da Inna Ba Ta Faɗa Mini Sunansa Ba

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda akwai wani abu wai shi ciyawa ba. A wurinta kowane tsiro da sunansa da amfaninsa. Ni kuwa a birni na tashi, a unguwar Gyadi-Gyadi, in ka ɗauke alayyafo da zogale, duk wani kore ciyawa ne a idona. Takan ce, "Ke dai boko ya cuce ki, ko tafasa ba ki sani ba sai an kwaɗanta an miƙo miki." In yi dariya in ce wata rana zan koya.

Da idonta ya fara rauni, ita ta tada maganar. Ta ce in damina ta zauna in kai ta gonarmu ta ƙauye, wadda aka daina nomawa tun rasuwar Baba, ta nuna mini tsirran tun tana iya gane su. Kullum sai ta jero mini: gasaya, lalo, karkashi, yaɗiyar da ke hawa shinge, da wani mai ɗan farin fure a gindin tsamiya. Wannan kam ta ce sai na shinshina shi da hancina za ta faɗa mini sunansa.

Ni da iyayin tsiya, sai tsoron maciji da tuntuɓe ya kama ni. Daga wurin aikina a Tarauni na buga wa mai duba mana gonar waya, na ce ya gyara wurin kafin mu zo. Ban tambaye shi yadda zai gyara ba.

Muka isa da hantsi. Gonar ta yi ja, ta bushe ƙamas kamar an babbake ta. Inna ta durƙusa tana lalube, ta murtsuke wani busasshen ganye ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Feshi aka yi," ta ce. "Wa ya sa?"

"Ni ce, Inna. Don kada ki faɗi."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Baɗi za su sake fitowa."

Sun fito kuwa. Inna ce ba ta ga baɗin ba. Na je ni kaɗai, na tarar mai farin furen ya cika gindin tsamiya. Na tsinko ɗaya na shinshina, na yi ta shinshinawa ina kuka, babu wanda zan tambaya.