Bas Ɗin da Ta Fi Ƙofa Tsawo

Sannu-Sannu ake kiransa, domin duk tsawon shekarun da ya yi yana rarraba burodi a ƙaramar bas, ba a taɓa ganin ya wuce ko mai keke ba. Da ya ajiye aiki, mai gidan burodin ya bar masa motar. Ya shigar da ita rumfar da ke jikin gidansa, ya ce ba kwanciya ta zo yi ba, sabuwar sana'a za su fara tare: janyo abin da ya maƙale a laka.

Sai dai ƙafafun baya kaɗai ke tura ta. Saboda haka ya samo ƙarfen ƙafafun gaba da ƙaramar giya daga wata akori-kura da ta mutu, ya ɗauko amininsa bakanike, suka duƙufa. Ranar da farfela ta biyu, wadda za ta juya tayoyin gaba, ta zauna daram, ya leƙo daga ƙarƙashin motar, fuska duk baƙin mai, yana kiran matarsa ta zo ta ga tayoyi huɗu suna juyawa a kan jak. Ita kuwa ta ce ta gani, amma a iska suke gudu.

Suna cikin ɗaure ƙugiyar baya sai ga yayarsa tana haki. Kogi ya fara cikowa, injinta na ban-ruwa kuma yana kan amalanke a bakin gaɓa, shi ne duk abin da take noma da shi. Motar haya ta gwada, ta kafe.

Ya tayar da bas, ya nufi ƙofar rumfar. Rufin motar ya daki ƙarfen saman ƙofar. Sun ɗaga motar domin sabon ƙarfe ya sami wuri, kuma babu wanda ya tuna da ƙofar a cikinsu. Bakanike ya ce a rushe bango; matar gida ta ce sai dai a fara rushe shi bakaniken, tunda ɗakin girkinta ne a jikin bangon.

Sannu-Sannu ya durƙusa ya sassauta iskar tayoyin, amma da saura kamar yatsa biyu. Ya dubi yayarsa daga sama har ƙasa.

"Yaya, shiga baya. Yau jikin nan naki zai yi mana rana."

"Ja'iri, da wannan jikin na goya ka," in ji ta, tana hawa.

Matarsa ta bi ta, bakanike ya bi, aka ƙara da buhun siminti. Motar ta risina, ta sulale waje, fenti kaɗai ta bari a ƙarfen.

Babu lokacin ƙara iska, kuma ashe hakan alheri ne, domin taya mai laushi ta fi kama laka. Sun tarar ruwa ya taɓa ƙafafun amalanken. Ya ɗaura sarƙa, ya jawo sabon sandan giyar, ya taka a hankali yadda ya saba. Bas ta yi nishi, gabanta ya ciji ƙasa, ta fizgo amalanken daga taɓo, ya biyo su har kan tudu.

Yayar ta sauka ta shafa injinta, ta tabbatar ruwa bai shiga ba. Sa'an nan ta juyo ta shaida wa ƙanenta cewa maƙwabcinta ma nasa injin yana can ƙasa, don haka kada ya kwance sarƙar.