Butar Shayin Baba da Sabar Ofishinmu

Jama'a, yau cika baki ya ja min!

Ina Batsari aka kira ni daga ofishinmu na Safana. Kwamfutoci shida da ke gudana cikin sabarmu, wato babbar kwamfutar ofis, duk sun ɓace daga netwok, ga manoma a layi suna jiran rajistar taki! Na figi babur.

Ni da nake taƙamar na sa wa sabar wayoyin netwok biyu, don ko an cire ɗaya aiki ya ci gaba! Ashe a akwatin raba netwok ɗaya na cusa su. Da na isa, sai ga akwatin a mace, butar shayin Baba maigadi na tafasa a soket ɗin wutar akwatin.

Na ce, "Baba, ya haka?"

Ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce ko an cire ɗaya aiki ba zai tsaya ba? Ɗaya na cire."

Har kofin shayi ya miƙo min!