Jar Mota da Ƙullin Magarya

Na taɓa mallakar motar da ban yarda kowa ya hau ba, har ni mai ita. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita, irin ta tseren nan da samarin wancan zamani suka yi yayi. A Kano na samo ta, hannun wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya saye ta sabuwa yana saurayi, ya ɗan zaga gari da ita, da iyali suka taru ya lulluɓe ta da tampol. Da kaɗan na girme ta. Amma mitarta, lambobin nan masu ƙirga tafiyar da mota ta yi, ko kilomita dubu arba'in ba ta nuna ba. Wannan mitar ita ta ɗauke mini hankali.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu, kuma a babur nake zuwa aiki, don kada mitar ta hau. Ranar Juma'a da safe nake yaye tampol, in wanke ta, in tayar da ita ta ɗumama, in kai ta ƙarshen layi in dawo. Duk baƙon da ya zo gidana sai na sa shi ya sunkuya ya leƙa mitar kafin a kawo masa ruwa. Yanzu idan na tuna, dariya da kunya ke kama ni tare.

Akwai wani tsohon makanike mutumin ƙauyen Surko da na kira ya duba ta, ba don ya gyara komai ba, don dai ya yaba. Ya buɗe gaban motar, ya matsa tiyon da ke kai ruwa cikin inji da yatsu biyu, ya kai kunne kusa.

"Malam," in ji shi, "mita tafiya take ƙirgawa, ba ta ƙirga shekaru. Roba ko ba a taɓa ta ba tana tsufa. Ka canja tiyon nan, da fanbel mai juya fankar inji, da tayoyi, kuma ka riƙa hawanta. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa komai na jikin motar nan na kamfani ne, ba zan cire na asali in liƙa mata tarkacen kasuwa ba. Da ya tafi na ce wa matata so yake ya sayar mini da kaya.

Mai zolayata a kan motar shi ne taubashina, ɗan goggona, direban ƙaramar bas tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Tasa akwala ce ta gaske. Mitarta ta mutu tun ba a san ranar ba, da igiya ake ɗaure ƙofarta, kuma babu abin da ya rage na asali a jikinta sai lamba. Duk mako yana kwance a ƙarƙashinta yana canja wani abu. Ni ina ce masa ya kai ta a auna a kilo, shi kuma yana ce mini, "Taka ta fi kyau, tawa ta fi sanin hanya."

Sai Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Yana da amini a Gwaram, wani mai awon hatsi, sun fi shekara hamsin tare. Tun suna da ƙarfinsu suka yi alkawari cewa duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka. Kowa a dangi ya san da maganar. Baffa yana da wani ƙulli rataye a ƙusa a ɗakinsa, da garin magarya a ciki, da kafur, da sabulu, da turare, da farin tsumma. Duk shekara yakan zubar da tsohuwar magaryar ya daka sabuwa.

Wata safiya cikin bazara, rana ta ɗan ɗaga, babban ɗan aminin ya kira wayata. Mahaifinsu ya cika da asuba, kuma ya bar wasiyya kada wanda ya taɓa shi sai Baffa ya zo. An sa jana'iza ƙarfe goma. Da na shiga na faɗa wa Baffa, ya yi salati, ya miƙe ya sauko da ƙullin, ya ɗauki sandarsa. Ko hularsa sai da na gyara masa.

Kafin mu fito taubashina ya iso daga tasha, ya ji labari.

"Kawu, zo mu tafi," ya ce wa Baffa. "Mutum huɗu kawai na samu, amma ba sai ta cika ba."

Na ce masa ya koma ya yi lodinsa, ni zan kai Baffa. Na ce a akwalarsa sai an yi sadakar uku kafin su isa. Gaskiyar magana, wadda ban faɗa wa kowa ba sai yau, ita ce na hango taron jana'izar a zuciyata, na hango jar motata tana tsayawa a ƙofar gida, mutane suna juyowa. Mutum ya mutu, ni kuma abin da ke raina ke nan.

Da ƙyar Baffa ya shiga, don kujerar kusan a ƙasa take. Ya ɗora ƙullin a cinyarsa, ya dafe shi da hannu biyu. Muka kama hanya, motar tana tafiya kamar an zuba mai a faranti, har na fara murmushi ni kaɗai. Mun ci kusan rabin hanya sai na ga allurar zafi ta haye, tururi ya taso ta gaba. Na gangara gefe. Tiyon nan da makanike ya matsa ne ya tsage, ruwa na tsiyaya a kan kwalta.

Na samu tsohuwar robar taya a bayan mota na naɗe wurin, na roƙi ruwa a jarka wajen wasu mata da ke ja a rijiya. Ina cikin zubawa na hango bas ɗin taubashina tana tahowa, tana rangaji. Ban san lokacin da na rufe gaban motar ba, na tura jarkar ruwan ƙarƙashi da ƙafa, na jingina kamar mai shan iska.

Ya tsaya a gefenmu ya leƙo.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Hutawa take, minti biyar."

Ya dubi ruwan da ya jiƙa kwalta, ya dube ni. Wannan karon bai yi zolaya ba.

"Ka bar Kawu ya shigo. Ga gaba nan, sai a matsa masa."

Baffa ya riga ya buɗe ƙofa. Ya fito da sandarsa, ya fito da ƙafa ɗaya, takalminsa ya taɓa ƙasa. Fasinjoji sun zuba mana ido ta taga, wani har yana nuna motar yana murmushi.

"Baffa, zauna," na ce. "Kafin wannan akwalar ta kai, mun isa mun gama."

Baffa ba ya gani sosai, kuma bai taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba. Ya mayar da ƙafarsa ciki, ya ja ƙofar. Taubashina ya girgiza kai ya ja motarsa. Har yau idan na rufe ido ƙafar nan nake gani tana komawa.

Ba mu yi nisa ba fanbel ya tsinke. Na ji ƙarar, na ga allurar ta sake hayewa, amma na ci gaba da taka mai, ina cewa saura kaɗan. Injin ya yi wani irin tari ya mutu. Na murza makulli har batir ya gaji. Wurin babu gida, babu inuwa sai wata 'yar ƙaya, ga rana ta fara dukan ƙasa.

Wayata ta yi ƙara, ɗan mamacin ne. Ya ce taubashina ya iso, ya shaida musu muna bayansa. Na ce masa ga mu nan, mun kusa. Bayan rabin awa ya sake kira, na sake cewa ga mu nan. Baffa yana jin duk abin da nake faɗa, yana jan carbi. Motoci biyu suka wuce a cike maƙil. A kira na uku ɗan mamacin ya ce an jira har sha ɗaya ta wuce, ga zafi, liman ya ce ba za a ƙara ajiye gawa ba, zai yi wankan da kansa.

Daga ƙarshe wani ɗan acaɓa ya ɗauke mu, Baffa a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi, shi yana riƙe da ƙullin. Na bar motar a bakin hanya ban ko kulle ta ba. Muna shiga Gwaram muka yi kiciɓis da mutane suna dawowa daga maƙabarta, wasu da fartanya a kafaɗa.

Aka kai Baffa bakin kabarin, ƙasar ba ta bushe ba. Ya tsuguna ya daɗe yana addu'a, ƙullin na kan gwiwarsa. Da muka koma zaman makoki wani dattijo ya tambaya me ya tsayar da mu. Kafin in buɗe baki Baffa ya amsa.

"Jikin tsufa ne," in ji Baffa. "Ni na makarar da yaron."

Taubashina na zaune a tabarmar da ke fuskantarmu. Ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Da Baffa ya zage ni a gaban taron nan, da ya fi mini sauƙi. A bas ɗin muka koma gida da yamma, kuma da igiyar ƙofarta aka janyo motata washegari.

Makaniken Surko ya zo ya duba, ya ce injin ya ƙone. Bai tuna mini maganarsa ba. Na mayar da tampol na rufe ta, ban ƙara nuna wa kowa mitar ba.

Kusan wata guda ina shiga in gaida Baffa a tsaye in fice, ba na iya haɗa ido da shi. Ya rame, ya rage magana, ya daina zama a ƙofar gida. Wata rana bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune da ƙullin a gabansa, ya daka sabuwar magarya. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina. Ya bari sai da na yi shiru, sannan ya turo mini ƙullin.

"Wanda zai yi mini ya riga ni," ya ce. "Ka ajiye a wurinka, kai za ka yi."

Na karɓa da hannu biyu, na ce to, Baffa.

"Kai ba sai ka hau komai ba," in ji shi. "Katanga ce tsakaninmu."