Kazar da Muka Ci a Janfalan

Mun tashi daga Kaduna ana idar da sallar asuba, ni da mai ɗaukar hoto da direba. Aikin irin wanda na saba ne tun da na shiga gidan talabijin: ruwa ya yi ɓarna, a je a ɗauko rahoto. Na yi na gobara, na yi na 'yan gudun hijira, har na kai ina iya rubuta gabatarwa kafin mota ta tsaya. Ba ƙwarewa ba ce, gajiya ce.

Bayan Zariya muka ratsa ta Kudan. A wajejen Taba rake ya kwanta cikin laka gona bayan gona. A Makarfi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya ce sai dai a haɗiye shi da ruwa kamar ƙwayar magani. Daga nan zuwa Ikara ramuka suka hana kowa gyangyaɗi.

Wani ƙauye a yankin Janfalan muka nufa. Mai unguwarsu ne ya yi ta kirana a waya: rumbuna sun rushe, irin shuka ya tafi, in ba a ga halin da suke ciki an kawo ɗauki ba, noman rani zai wuce su. Ya san ranar zuwanmu, ya kuma sanar da jama'a.

Muka tarar an share gari tas. An kwashe ɓaraguzai an tara gefe, maza sun sha kayan Sallah, yara sun sha mai. Mai ɗaukar hoto ya dube ni, ya sauke kyamara.

Na zaunar da wani dattijo da rabin gidansa ya faɗi.

"Baba, yaya ruwan nan ya bar ku?"

"Ruwa ya yi gyara, ɗana. Alhamdulillahi."

"Me aka ci a gidan nan jiya?"

"Haba ɗan nan! Surukaina na Kano fa suna kallonku."

Mai unguwa ya ɗaga murya daga baya: "Malam, faɗa masa gaskiya mana!"

"Ranka ya daɗe, ai kai ka kira su. Kai ka faɗa."

Ana cikin haka aka fito mana da tuwon masara da kaza daga gidan dattijon. Baƙo ba ya mayar da kwano, muka ci. Ina wanke hannu na hango akurki ta inda katanga ta faɗi, ƙofarsa buɗe, ba komai ciki. Mai unguwa ya matso ya ce ruwa ya tafi da sauran kajin, wadda muka ci ce kaɗai ta tsira a kan bishiya. Muka ɗauki hoton akurkin.

Da muka koma Kaduna, edita ya kalli fararen riguna a hoton da muka ɗauko ya ce, "Waɗannan ne mabuƙata?" Na nuna masa akurkin, ya ba mu ɗan gurbi a ƙarshen labaran yamma. Washegari mai unguwa ya kira: an gan su, surukan Baba sun yaba rigarsa. Maganar iri dai shiru har yau.

Na daɗe ina koyon yadda ake sa mutum ya yi magana a gaban kyamara. Wannan tafiya ta koya mini abin da ya fi shi: in mutum ya ce maka ruwa ya yi gyara, ka fara duba akurkinsa kafin ka sa hannu a kwanonsa.