Ranar da Aka Wanke Min Kasko

Na yi girki a gidajen biki da ba zan iya ƙirga su ba. Na ƙona shinkafa, na taɓa kifar da tukunyar miya a gaban baƙi, kuma yawancin waɗannan duk sun shige min. Amma akwai wata ranar Ƙaramar Sallah a gidanmu, can wani ƙauye a ƙasar Kunci, da ko tsufa ya kwashe min komai a ka, ita kam ba za ta fita ba. Har yau in na ga an goge kasko fes yana ƙyalli, sai na ji takaici ya taso min sabo.

A lokacin na gama shekarar farko a wata makarantar koyon girki a birnin Kano, na dawo gida hutun azumi. Baba ne ya yarda na tafi, amma ƙaninsa, Baffa, wanda ke koyar da karatu a zauren gidanmu, bai taɓa ganin amfanin abin ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Girki kuma? Abin da ake koya a gindin murhu shi ne sai an je birni?" Ya yi ta nanatawa har zuciyar Baba ta fara rawa. Ana saura kwana biyar Sallah, Baba ya kira ni. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ya ce, "Uwata, ranar Sallah ki dafa min abin da Innarki ba ta iya ba. In na ci na gamsu, ki koma makarantarki. In kuwa shinkafa da miya ce dai, ki zauna ki kama mata aikin ƙuli-ƙuli."

Ban ko yi dogon tunani ba, don na san inda ke yi wa Baba ciwo. Haƙoransa na tauna sun zube, shekara huɗu rabonsa da tsoka. In an yi nama a gida, romo kawai yake sha, ya tura wa jikoki kwanon. Mu kuwa a makaranta an koya mana wani gashi da ake kira sitek. Ana yanka tsoka mai kauri, a ɗora a kasko mai zafi sosai, a juya sau ɗaya, a sauke cikinta da sauran ja-ja, a bar ta ta huta. Laushinta ko mai dasashi zai iya. Miyarta kuma a cikin wannan kaskon ake haɗa ta, domin ƙanzon da naman ya bari a gindi shi ne ran miyar gaba ɗaya. Malamarmu ta gaya mana cewa masu abin da jan giya suke narkar da ƙanzon, mu kuwa ta koya mana da zobo mai tsami wanda ba a sa wa sukari ba. Zobo kuma ga shi nan buhu guda a rumbunmu, na gefen gonar Baba.

Matsala ta farko naman ne. A unguwarmu watanda ake yi: magidanta su haɗu su sayi sa, a yanka ranar jajibere, a kasa shi kashi-kashi daidai wa daida, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa. Babu wanda ake yankar wa wuri guda shi kaɗai. Ni kuwa wata doguwar tsoka nake so, wadda ke kwance jikin ƙashin baya ta ciki, marar jijiya. Baba ya je ya faɗa. An ce sai da aka kai ruwa rana, don kowa gani yake ana so a cuce shi. A ƙarshe aka yarda a ba shi, amma a bakin kashinsa duka. Haka ya shigo gida da tsoka ɗaya naɗe a takardar siminti, da 'yan ƙasusuwa da aka ba shi don kunya.

Inna ta buɗe takardar, ta dube ni, ta ce, "Wannan ne naman Sallar gidan nan?" Na ce ta dai jira ta gani. Na kai shi firjin mai shagon bakin titi ya kwana, ina jin kaina kamar wata gwana.

Da aka sauko daga idi na hura gawayi a kurfoti, na jiƙa zobona a jug, na ɗora ƙasusuwan suna tafasa. Na yanka tsokar gida uku, kowanne kaurin yatsu biyu. Kaskon ƙarfen Inna ƙarami ne, biyu kawai yake ci, sai na sa na ukun a kwano na rufe da faifai, na ɗora bisa randa don sanyi. Duk abin nan Goggo, yayar Baba, tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana bin hannuna da ido. Goggo mace ce da ko tafasa ruwa kake yi sai ta samu gyaran da za ta yi maka.

"Ke, yaushe za ki tafasa shi?"

"Ba a tafasawa, Goggo."

"Ikon Allah. Wannan zobon fa? Ba citta, ba kanumfari?"

"Ba na sha ba ne, na miya ne."

Da na tsaya a nan, da an zauna lafiya. Amma baki shi ke yanka wuya. Son a san na yi ilimi ya sa na ƙara da cewa, "Ai Goggo, masu abin ma da jan giya suke yi." Goggo ta saki salati, ta miƙe, ta ja mayafi ta nufi zaure. Ni ko a jikina. Na ɗora nama biyu, suka yi cuu, ƙamshi ya cika gida. Na juya, na sauke, na rufe su a faranti su huta. Gindin kasko ya yi ƙanzo mai launin ƙasa, irin wanda malamarmu za ta gani ta gyaɗa kai. Ina miƙa hannu zan ɗauki albasa ke nan, sai ga Goggo ta dawo ta ce Baffa na kira, kuma ya ce in taho da abin da ke cikin jug ɗin.

Kiran Baffa ba a ce masa a dakata. Na sauke kaskon gefe, na ce "ina zuwa," na fita. Wannan "ina zuwa" ita ce kawai bayanin da na yi wa mutanen gidan a kan kaskon.

A zaure na tarar da Baffa da baƙi masu gaisuwar Sallah wajen mutum shida. Na durƙusa. Ya ce, "Abin da aka tura ki ki koyo ke nan? A gidan da ake karatun Alƙur'ani?" Na rantse, na yi bayani, na miƙa masa jug. Ya shinshina, ya ba na kusa da shi ya shinshina, sannan ya kurɓa. Tsami ya kama shi har idonsa ɗaya ya rufe. Ya ce, "Wannan ai zobon gonarmu ne." Na ce, "Shi ne, Baffa." To, a tunanina magana ta ƙare. Ina! Mutum ya riga ya shirya wa'azi, ga kuma masu saurare, ai ba zai mayar da shi ciki ba. Ya ɗauko illar giya tun daga farko, ya bi ta kan kwaikwayon baƙi, ya sauka kan tarbiyyar 'ya'ya mata. Ina durƙushe gwiwata na zafi, hankalina na can kan kasko, ina ta "haka ne, Baffa" alhali ba na jin ko kalma.

Da ya sallame ni na shigo da sauri. Abin da na fara gani shi ne Inna a wurin wanke-wanke, ta sa toka da soson ƙarfe tana dirzar kaskona. Ta ɗaga shi sama yana ƙyalli, ta ce, "Kin bar shi ya kama, 'yar makaranta. Da ƙyar na fitar."

Ban gama shanye wannan ba na jiyo ƙarar suya. Goggo ce a kan kurfotina da tukunyar man gyaɗa. Ashe ta buɗe farantin, ta tsaga naman, ta ga ja, ta ce ɗanye ne. Ta yi masa gutsi-gutsi ta antaya a mai, ta soye shi ƙayau har ya yi baƙi. Tsokar da Baba ya sadaukar da kashinsa guda a kanta ta koma abin da ko mai haƙori talatin da biyu sai ya yi da gaske. Ta dube ni tana murmushin wadda ta yi aikin lada, ta ce, "Allah ya so ki ina kusa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya."

Wallahi ban taɓa jin takaici irin na wannan lokacin ba. Ga shi ba dama in yi ihu: ɗaya uwata, ɗaya yayar ubana, kuma ranar Sallah. Na tsaya da jug a hannu, hawaye na zuba, na ce, "Wa ya ce ku taɓa min? Wa ya sa ku?"

Inna ta ajiye kaskon a hankali. Ta ce, "Wa kika gaya wa kada ya taɓa? Tun safe kike shiga kina fita a murhuna kamar babu kowa a gidan. An tambaye ki, kina amsawa da ƙyar. Shekara talatin ban taɓa barin kasko da datti ya kai azahar ba, yau ne zan fara don kin je birni?"

Na ji haushin maganar, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ce. A gidanmu ba a barin mace ita kaɗai a bakin wuta. Duk wadda ta gifta sai ta iza itace, ko ta juya miya, ko ta ɗauke kwanon da ya ɓaci. In ba ta yi ba, ita za a zaga. Na san haka tun ina rarrafe, shekara ɗaya a birni ce ta mantar da ni.

Sai na tuna da kwanon da ke bisa randa. Na ɗaga faifai, ga shi nan, guda ɗaya tal. Makarantata duka ta dawo kan wannan yanka ɗaya.

Wannan karon na durƙusa gaban Inna na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da dalilin ƙanzon. Ta ce, "Wato dattin shi ne abincin?" Na ce shi ne. Ta girgiza kai, amma ta ɗauki mafici ta zauna tana fifita min gawayi, ta kuma zama katanga tsakanina da Goggo. Na gasa naman, na ɗan ƙara masa lokaci kan yadda aka koya mana, na sauke, na sa farantin tsakanin ƙafafuna. Na zuba yankakkiyar albasa da tafarnuwa a kaskon, suka yi laushi. Na kwarara zobo, ya yi ƙara, tururi mai tsami ya tashi, na bi gindin da cokalin katako har ƙanzon ya narke. Na ƙara romon ƙashi, na bari ya tsotse ya ragu, na sa gishiri da masoro da ɗan sukari kaɗan don karya tsamin. Da na sauke na jefa cokali guda na man shanu ina kaɗawa, miyar ta yi kauri, ta yi sheƙi, ja mai duhu. Goggo daga bayan Inna tana ta sharhi: "Miya ba daddawa, ba tattasai. Mu dai mun ga zamani." Na juye miyata a kwano.

Na kai wa Baba ɗakinsa, nama daban, miya daban. Ya ciro 'yar wuƙarsa ya yanka. Cikin ya fito da sauran ja. Ya tsaya yana kallo, don bai taɓa cin naman da bai soyu har ciki ba. Sai muka jiyo takun Goggo tana tahowa. Baba ya rage murya ya ce, "Uwata, zuba miyar nan a kai da sauri, kafin Yaya ta ga cikinsa."

Na juye. Jan zobo ya rufe jan nama. Ya yi bisimilla ya kai baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya sake yanka wani. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ya tofar, shi kuwa bai ɗago ba sai da ya cinye, ya sa yatsa ya suɗe farantin. Sannan ya ce, "Shekara huɗu ina kallon nama a kwanon wasu." Ya ajiye farantin, ya ce, "Ran nawa ake komawa makarantar?"

Ina cikin share hawaye ya ƙara da cewa, "Sai dai babu yaji." Goggo ta ce, "Ai na gaya mata."

Sauran mutanen gida da ƙayau ɗin Goggo suka yi Sallah, gutsure bibbiyu, ana tauna ana hararata. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya tana ba da labarin yadda ta ceci ƙaninta daga ɗanyen nama.

Abin da na koya a ranar ya fi min duk abin da na koyo a aji. Iyawarka ba ta da amfani in mutanen da ke kewaye da kai ba su san me kake yi ba, kuma mai son ka da bai fahimce ka ba ya fi kowa saurin yi maka ɓarna. Shi ya sa duk gidan da aka kira ni girki, kafin in kunna wuta sai na gaida matan gidan ɗaya bayan ɗaya, in gaya musu abin da zan yi da dalilinsa. Sannan in nuna musu kaskona in ce, "Za ku gan shi da datti. Don Allah kada wadda ta taimaka min."